Madugu Mai Kai Jita Yawo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Yuni, Allah ya karɓi ran aminina, wanda mu tsofaffin mahaya babur muke kira Madugu. A ɗakin aikinsa ya cika, zaune a kan kujerarsa. Ya ce wa uwargidansa ƙirjinsa ya yi nauyi, ta tafi ɗebo masa ruwa, kafin ta dawo rai ya yi halinsa.

Madugu, na zauna da niyyar in rubuta maka kalaman juyayi irin waɗanda suka dace da mamaci, amma ka hana ni. Duk inda na taɓo a cikin rayuwarka sai in ji ƙugin inji da ƙamshin katako, in tsinci kaina ina murmushi hawaye na zuba. Ka yi haƙuri da ni idan alƙalamin nan ya riƙa gudu. Kai ka koya mini gudu.

Akwai kuma dalilin da ya sa na kasa yin shiru. A wajen zaman makoki, 'yarka Auta, ma'aikaciyar jinyar nan da kake taƙama da ita a bayan idonta, ta ja ni gefe. Idanunta sun kumbura. Ta ce, "Baffa, tsakaninka da Allah, Baba ya yafe mini maganar makullin nan kuwa?" Kai kawai na gyaɗa mata. Na ga ba ta gamsu ba, ta ɗauka lallashi ne. To ina da amsa, kuma a nan zan ba ta, amma sai na fara daga farko saboda waɗanda ba su san ka ba.

Aikinka na albashi a hukumar ruwa yake. Ka yi shekaru kana yawo a tituna da dogon sandan ƙarfe, ka kafa kansa a ƙasa, ka manna ɗaya kan a kunne, kana sauraron inda bututu ya fashe a ƙarƙashin kwalta. Ni ina ganin can kunnenka ya lalace da son sauraro. Ranar da wani maƙwabci ya jefar da fasasshiyar jita, ka ɗauko ta ka farke ta don ka ga abin da ke cikinta, daga ranar gidanka bai sake zama lafiya ba. Garejin mota ya koma ɗakin aiki, motar kuwa ta koma kwana a waje tana shan rana da ruwan sama.

Wanda bai shiga ɗakin nan ba an bar shi a baya. Alluna a jingine jikin bango, kowanne da alamar alli. Zarto da ƙananan wuƙaƙen sassaƙa a rataye bisa tsari, tukunyar gam a kan ƙaramin risho, garin katako har a cikin kofin shayi. Tabarau a saman goshi, kai kuma kana ta neman su a ƙarƙashin tebur. Maɗaci kake so a bayan jita da wuyanta, baƙar kanya a inda yatsu ke dannawa, fuskarta kuma sai farin katako maras nauyi wanda kake samu a tsofaffin akwatunan kaya. Ka ɗaga allo da yatsu biyu, ka ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa, ka lumshe ido. Wani ka ce, "Wannan bebe ne." Wani kuma fuskarka ta washe, ka ƙwala mini kira in zo in ji, kamar an yi maka albishir da haihuwa. Ni kuwa ƙwas-ƙwas kawai nake ji, duk iri ɗaya.

Ba ka bar katakon kowa ya huta ba. Ka ƙwanƙwasa benci a asibiti, ka ƙwanƙwasa ƙofar banki har mai gadi ya taso. Wata rana ka zo gidana cin abinci, na ga ka daina ci kana buga teburin da yatsa, sai gabana ya faɗi. Ba a yi wata guda ba teburin ya bar gidan. Ka kawo mana sabo wanda ya fi shi girma da kyau, ba musu, amma har gobe maiɗakina idan ta ji ana kaɗa jitar da ka yi da tsohon sai ta ce ga teburinta can yana waƙa.

Abin da ya raba ka da sauran masu wannan sha'awa shi ne aƙidarka cewa katako barci yake yi, kuma hanya ce kaɗai ke tashinsa. Ba ka taɓa ɗaura wa sabuwar jita tsirkiya ba sai ka naɗe ta da bargo, ka goya ta a bayanka, ka hau babur ka kai ta yawo. A cewarka girgizar inji da gargadar hanya su ne ke buɗe mata murya. Ni da na ƙare rayuwata ina koyar da kimiyya a makaranta na sha gaya maka wannan zance ba shi da madafa. Amsarka kullum ɗaya ce: "Kai dai biyo baya, Wutsiya." Har yau ban yarda da kai ba, sai dai ban taɓa fashin rakiyar jita ko sau ɗaya ba.

Kai, waɗannan safiyoyin Asabar! Mu taru a ƙofar gidanka, tsofaffi masu furfura da ciwon gwiwa, kowa ya kife hular kwano ya koma yaro. Ka tayar da baƙin babur ɗin nan naka mai muryar zaki, unguwa ta san mun tashi. Kai a gaba da jita a goye, shi ya sa muka sa maka Madugu, ni a can ƙarshe ina lallaɓawa, shi ya sa ka sa mini Wutsiya. Idan muka bar gari hanya ta miƙe, iska ta cika mana riguna, sai ka ɗaga hannun hagu sama, mu duka mu murɗa. A wannan lokacin babu mai tuna hawan jini ko fansho.

Amma duk zumuɗinka ba ka taɓa wuce wanda abin hawansa ya mutu a gefen hanya ba. Tafiyar da za mu yi kafin azahar sai ta kai mu la'asar, saboda Madugu ya durƙusa yana gyara wa wani baƙo sarƙa, ko yana tsiyaya masa mai daga tankinsa. Jitocin ma haka. Ka ɓata watanni a kan guda ɗaya, ranar da ta yi murya sai ka miƙa wa wanda ka ga yana so ba shi da hali. Mai askin bakin titinku yana da ɗaya, wata malamar makarantar makafi tana da ɗaya. Kai kanka waƙa ɗaya tak ka iya kaɗawa, ita ma da tuntuɓe, mun ji ta har mun haddace wuraren da kake kuskure.

Sai ido ya fara ba ka matsala. Likita ya ce gefen ganinka yana rufewa sannu a hankali, kuma hawa babur ya ƙare. Ka ce to, ka fito ka hau babur ka koma gida. Uwargida ta yi magana, 'ya'yanka maza suka yi ta waya, duk ka mayar da su iska. Auta ce ba ta yi dogon zance ba. Ta zo wata rana da yamma, ta zare makullin daga ƙusar da yake rataye, ta jefa a jakarta a gaban idonka, ta ce gara ka yi fushi da ita kana raye.

Ka kuwa yi fushin. Yarinyar da tun tana tatata kake ɗora ta a kan tankin babur kuna zaga unguwa, ita ce ta koma idan ta gaishe ka sai ka amsa da kalma ɗaya kana kallon bango. Ta kawo maka magani ka ce ta ajiye. Abin ya ci ta ƙwarai, ta rame, amma ba ta dawo da makullin ba. Taurin kai dai ba a ƙasa ta tsince shi ba.

A cikin wannan fushin ka haɗa jitarka ta ƙarshe. Da tsohuwar ƙofar maɗaci ka yi ta, wadda ka ceto daga gidan hayar da kuka fara zama lokacin da ake rushe shi. Yawancin aikin da lalube ka yi, yatsu suna yi maka aikin ido, kuma ban taɓa ganin ka yi mai kyanta ba. Ta ƙeru, ta sha mai tana ƙyalli, sai ka rataye ta a bango ba tsirkiya. Na ce kawo in kai maka ita yawo, ka ce jita bayan mai ita ta sani. Na ce to hau bayana in ɗauke ku ku biyu. Ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Madugu a bayan Wutsiya? Ashe duniya ta zo ƙarshe." Haka ta yi ta rataye, kai kuma kana zaune ƙarƙashinta kana ƙara tsufa a gabanmu.

Abin da ba ka sani ba a lokacin, Auta ta same ni a gida ta ce in koya mata babur. Na yi ta kawo uzuri, ta ƙi tashi. Muka fara a filin bayan makaranta da ƙaramin babur ɗina, duk ranar da ba ta da aiki. Ta faɗi, ta kuje gwiwar hannu, ta ƙone ƙafa a jikin salansa, ta ɗaure abinta da kanta ta sake hawa. Ni da nake koyarwa na fi ta tsoro. Sannu a hankali ta fita titi, ta yi gwaji ta karɓi lasisi, har ta kai ina bin ta a baya ina roƙon ta rage wuta.

Ranar Asabar ta ƙarshe a rayuwarka muka taru a ƙofar gidanka kamar da. Auta ta turo baƙin babur daga inda aka lulluɓe shi, ta sa makulli, ta tayar. Da ƙugin ya tashi sai ga ka ka fito da sauri ba ko takalmi. Ka tsaya kana kallon ta a kan sirdinka, da hular kwano a kanta. Ta ce, "Baba, jitar nan ta gaji da jira." Ka juya ka shige ciki. Muka ɗauka ka ƙi. Can sai ga ka da jita naɗe a bargo a bayanka, kana ɗaure igiyar hula a haɓa, kana yi mana faɗa wai mun tsaya kallo rana tana yi.

Ban taɓa yin tafiya mai daɗin wannan ba. Da farko muna jiyo ka kana ta ba da umarni, sa giya, bi a hankali, ga rami can, alhali ramin ita ta gan shi kafin kai. Da muka fita gari sai umarnin ya ƙare. Na matso kusa na ji kana rera waƙar nan taka guda ɗaya da iyakar muryarka. Hanya ta miƙe, ka ɗaga hannun hagu sama daga bayan 'yarka, mu duka muka murɗa, tsofaffi suna ihu kamar 'yan makaranta an tashi. Na yi kuka a cikin hulata, ba na jin kunyar faɗa.

Da muka dawo gida ka sauka, ka miƙe ƙugu, abin da kawai ka ce mata shi ne, "Kina yawan taka birki." Washegari ka ɗaura wa jitar tsirkiya ka kaɗa mana, muryarta ta cika garejin. Ranar Laraba ka tafi, ba ka ƙara mata ko kalma a kan wancan zance ba.

To Auta, yanzu da ke nake. Kin tuna mun tsaya a wajen mai shayi kusa da gada, kika tafi wanke hannu? Babanki ya kamo hannuna ya matse. Ya ce mini a safiyar ranar da kika ɗauke makullin, saura ƙiris ya take wata mata da goyo a bakin kasuwa, bai gan ta ba sam sai da ta yi ƙara, kuma bai gaya wa kowa ba. Ya ce, "Yarinyar nan ta raba ni da ɗaukar rai. Ba da ita nake fushi ba, da idona nake, ita ce dai kusa." Sannan ya ce shi ya goya ki a babur kina ƙarama, yau ke kin goya shi, me kuma ya rage ya roƙi Allah. Da ya hango kina dawowa sai ya goge ido da sauri ya ce kada in kuskura in gaya miki, wai kanki zai kumbura.

Madugu, na saɓa maka, kuma na san da kana nan da ka yi mini tsiya son ranka. Amma ba zan bar ta da wannan nauyin ba.

Allah ya jiƙanka da rahama, ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa alherin da ka yi wa baƙi a gefen hanya ya tarye ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka, wadda ta yi haƙuri da garin katako da ƙugin inji tsawon zamanku, da 'ya'yanka da jikokinka, da abokan tafiyarmu da suka rasa na gaba. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya kyautata namu ƙarshen.

Ke kuma Auta, ki share hawayenki. Babanki bai ce ya yafe miki ba, domin bai ga laifin da zai yafe ba. Godiya ya yi.