Sojojin da Suka Fita daga Ajina

Shekara ashirin da wani abu na yi ina koyarwa a lakol ɗin wani ƙauye da ke tsakanin Gidan Rumji da Cadakori. Ban taɓa riƙe bindiga ba, ko ta farauta. Amma cikin yaran da suka zauna a gabana, shida sun shiga soja, huɗu kuma ba su dawo ba. Yanzu da na aje aiki, ƙafafu sun yi nauyi, su ne suka fi faɗo mini a rai, ba waɗanda suka samu aikin ofis a Maradi ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai ɗan wani Bafillatani ne, rugarsu tana gabas da gari, ta hanyar Sae Sabuwa. Ni na matsa aka sa shi lakol. Lokacin ina da ƙarfi, ina da baki, na yi ta zarya rugar nan har karnukansu suka daina yi mini haushi. Ubansa dogon mutum ne marar yawan magana, Hausarsa a hankali take fita, kalma ɗaya bayan ɗaya. Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin lakol a wajenmu.

"Mushe, in ya tafi wurinka, wa zai bi shanu?"

Na ce, "Baffa, ɗiya maza huɗu gare ka. Ba ni guda."

Ya ce, "Gudan ma nawa ne."

Na koma gida na fid da rai. Sai bayan an gama yankan gero, wata safiya, na gan shi tsaye a ƙofar aji da sandarsa, yaron na bayansa. Bai ce komai ba sai, "Ga shi." Ya juya.

Yaron ya yi karatu daidai gwargwado. Lissafi ya fi zauna masa. Ya gama wajenmu, ya je kwaleji a Gidan Rumji, ya yi shekaru, jarrabawar ƙarshe ta kayar da shi. Da ya koma ruga bai tarar da garken da ya bari ba. Fari ya ci wasu, ɓarayin shanu sun kora wasu, abin da ya rage bai kai ya riƙe maza huɗu ba. Da aka yi shelar ɗaukar soja a Maradi, ya tafi.

Sau ɗaya na gan shi cikin kaki. Ya zo hutu, ya biyo lakol da rana tsaka, ya tuɓe hula ya durƙusa ya gaishe ni kamar dā, ƴan aji suna leƙe ta taga. Ya yi ƙiba kaɗan, wuyansa ya cika. Yana dariya ya ce, "Mushe, da ba ka koya mini rubutu ba, da ba su ɗauke ni ba. Da yawa an koro su saboda haka." Godiya yake yi mini. Ni ma a lokacin daɗi na ji.

Bayan shekara biyu, ranar kasuwar Cadakori, jandarma biyu suka zo lakol da mota. Mai gari ne ya turo su wurina, don ni na san hanyar rugar. Babban cikinsu ya ja ni gefe ya faɗa mini: an kai wa su yaron hari can gabas mai nisa, wajen tafki, yana cikin waɗanda suka rasu. Na sallami yara, na shiga motar. Da rairayi ya yi yawa muka bar ta muka taka.

A bakin rijiya muka samu Baffa, uban yaron, yana shayar da shanu. Ya gan mu tun daga nesa, ya ga kakin, amma bai saki igiya ba sai da ya jawo gugar ya juye ta a kwami. Sannan ya goge hannunsa a riga ya zo. Muka gaisa gaisuwa cikakkiya, har da tambayar gida da dabbobi. Jandarman ya faɗa masa. Baffa ya yi salati, ya tsuguna, sannan ya tambaya.

"An yi masa sallah?"

"An yi, Baba. Tare da ƴan'uwansa sojoji aka rufe su."

"Ina?"

Jandarman ya faɗi sunan garin. Baffa ya maimaita shi sau biyu, bai taɓa jin sa ba.

"Tafiyar kwana nawa ce a ƙasa?"

Jandarman ya dubi ɗan'uwansa. Ba wanda ya taɓa auna tafiyar nan da ƙafa. Ya ce dai da nisa, kuma hanyar ba ta biyuwa yanzu. Uwar yaron ta fito daga bukka, ba ta yi kururuwa ba, ta tambaya da Fillanci ko za a kawo mata kayansa. Aka ce za a kawo. An kawo kuwa, bayan wata uku: jaka ɗaya, da bargo, da tabarmar sallah.

Ranar sadakar uku na koma ni kaɗai. Da mutane suka ragu na matsa kusa da shi, na fara wata magana da na kwana biyu ina shiryawa, cewa ni ne na ɗauko yaron daga bayan shanu. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Mushe, rubutu ka koya masa. Kwanansa ba kai ka rubuta ba." Sannan ya ce, "Amma kada ka sake roƙona wani."

Ban sake ba. Ban ma sake zuwa wata ruga neman yara ba, ko da aka turo mana takarda daga sama a kan haka. Na bar wa matasan malamai.

Sauran ukun a jere suka biyo, cikin ƴan shekaru, wani gabas wani yamma. Ɗaya ɗan maƙwabcina ne, manomi, kakanninsu daga Tibiri suka zo, ya bar mata da ciki. Ɗaya a bayan aji yake zama yana zanen motoci a littafin rubutunsa, shi ya zama direban soja. Na huɗun, ɗan wata gwauruwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, shi ba a ce ya rasu ba da farko, an ce ba a gan shi ba. Sai daga baya takarda ta zo cewa ya rasu. Har ya kai in na ji ƙarar mota ta tsaya a bakin lakol sai alli ya tsaya a hannuna.

Wata shekara bayan kaka, mai gari ya ce a yi saukar Alƙur'ani domin su duka, a ƙofar gidansa. Ya ce ni zan rubuta sunayen in karanta, tunda duk ɗalibaina ne. Na bi gidajen don in nemi izini. Biyu suka amsa nan take. Na aika ruga, aka ce to. Da na je wurin mai ƙuli-ƙuli, tana zaune tana murza tunkuza, ba ta ɗago kai ba.

"Mushe, ka ga gawarsa?"

"Ban gani ba, Inna."

"Wanda ya rubuto takardar ya gani?"

Na ce ban sani ba.

"To kada ka sa ɗiyana cikin matattu. In kun gani ku zo ku gaya mini."

Na ce Allah ya bayyana, ta ce amin. Ranar taron sunaye uku na karanta. Kowa ya san akwai na huɗu, ba wanda ya tambaya.

Taron bai yi armashin da mai gari ya so ba. Rana ta yi zafi, rumfar ba ta isa ba, wasu sun tafi kasuwa. Baffa ya zo a makare, ya aje ƙwaryar nono wurin masu abinci, ya zauna can ƙarshen tabarma. Kusa da shi akwai ɗaya daga cikin biyun da suka dawo da rai, wanda ƙarar fashewa ta kashe masa kunne guda, ɗayan ma sai an ɗaga murya. Sun yi zama wuri ɗaya da ɗan Baffa kafin a raba su.

Bayan an shafa addu'a na ga su biyun sun sunkuya da juna. Na matsa don in taimaka, saboda Baffa ba ya iya ɗaga murya, shi kuma sojan ba ya ji. Ni na riƙa maimaita tambayoyin da ƙarfi. Baffa bai tambayi yadda aka yi yaƙin ba. Ya tambaya ko yaron yana samun abinci, ko sanyi yana damun sa, ko akwai shanu a can. Sojan ya ce akwai, manya, masu ƙaho kamar tulu. Ya ce duk lokacin da suka haɗu da makiyaya masu gudun hijira, yaron ake turawa ya yi musu magana, sai ka ga ya tsaya yana duba bakin maraƙi har sai an yi masa tsawa. Baffa ya yi murmushi, karo na farko da na taɓa ganin haƙoransa. Ya ce, "Shi ne." Ya tashi ya karɓi ƙwaryarsa ya tafi.

Daminar da ta biyo baya suka tayar da rugar suka yi arewa. Ban sake ganin sa ba, sai dai labari daga masu zuwa kasuwar dabbobi cewa yana nan da rai. An so a maimaita saukar kowace shekara, amma shekara ta biyu ruwa ya yi gardama, kowa yana ta kansa, maganar ta kwanta. Mai ƙuli-ƙuli tana nan, ta tsufa, muna gaisawa, ba mu taɓa komawa kan zancen ba.

Sojan mai kunne guda kabu-kabu yake yi yanzu. Shi ke kai ni Gidan Rumji wurin likita saboda gwiwata. Tafiya ce mai ɗan nisa a kan rairayi, ba ma magana, don ko na yi ba zai ji ba. In mun isa ya kama hannuna in sauka, ya nemi inuwa ya jira ni.