Ƙofar da Aka Faɗaɗa wa Yaya

A shekarun nan da ake ta rushe tsofaffin unguwanni ana faɗaɗa Harami, sai 'ya'yanmu mata haifaffun Makka suka ɓullo da wani taro, wai shi ranar gargajiya. Suka kama istiraha a bayan gari, irin filin nan mai katanga da ake haya don biki, suka ce za su gina ƙauyen Hausa a ciki na yini guda, kowa ya zo ya ga yadda kakanninsa suka zauna. Wadda ta ɗauki abin a ka wata malamar makaranta ce 'yar unguwar Shisha. Hausarta ba ta nisa sai Larabci ya tare ta, amma yarinya ce mai zuciya.

Ni da Yaya muka shirya zuwa. Ba ciki ɗaya muka fito ba, maƙwabtaka ce ta haɗa mu a unguwar Utaibiyya, ta kuma girme ni nesa ba kusa ba. Ni a mota na zo ƙasar nan da mijina, Allah ya jiƙansa. Ita kuwa da ƙafa ta zo tana ƙaramar yarinya, bayan jakin ubanta, ta Barno da Sudan, a yi tafiya a tsaya a yi noma a samu guzuri. Tun da ta bar garinsu ba ta sake komawa ba. Ƙafafun da suka kawo ta sun daɗe da ajiye aiki. A keken guragu take, wanda nan ake ce wa arabiyya, da shi ake tura ta ɗawafi. Da ta ji za a gina ɗakin ciyawa, ba ta da wani zance sai shi.

"Ni ba tuwo zan je ci ba," in ji ta. "In shiga ɗakin, in ɗaga kai in ga jinka, shi ke nan."

Aka ɗebo mu a bas daga tashar Kudai. Gaskiya yaran sun yi ƙoƙari. Ga ƙore an jera, ga mai kaɗi da mazari, ga fura a ƙwarya. Ga turmi, sai dai babu komai a ciki, 'yan mata biyu suna ta dukan ice da ice ana ɗaukar su hoto. An ɗaura lasifika a kan masu kiɗan ƙwarya har ba ka jin ƙwaryar sai ƙara. Banɗaki kuma can ƙarshen katanga, tsohuwa kafin ta je ta dawo la'asar ta wuce. Duk wannan mai sauƙi ne. Babban abin shi ne yashi. Don wurin ya yi kama da ƙauye, sun sa an zuba yashi mai laushi tun daga bakin ƙofa har ɗakin. Ina tura arabiyya, ƙafafunta suka nutse. Na ja baya, na sake turawa, ta kafe.

Wasu mata suka taso. "Ya Hajja, bari mu ɗauke ki."

Yaya ta dube su sama da ƙasa. "Ku ɗauke ni? Buhun gero ce ni?"

Na bar ta na je na leƙo ɗakin, ko akwai dabara. Ashe ko an ɗauke ta ba ta shiga, ƙofar 'yar mitsitsiya ce, ni kaina sai da na dafa gwiwa na sunkuya. Na dawo ban faɗa mata ba. Yinin nan a bakin ƙofa ta yi shi, kusa da tulin takalma, tana hango ƙoƙuwar jinka ta saman kawunan mutane. Na kawo mata fura, ta ce ta ƙoshi. A bas da muke komowa kowa na surutu, ita tagar kawai take kallo. Sai da muka kusa gida ta ce, "A Harami har gaban Ka'aba ake tura ni. Garinmu ne ban iya shiga."

Bayan kwana biyu na yafa abayata na hau tasi zuwa Shisha. Ba wanda ya gayyace ni. Ni ba ni da ɗabi'ar aika saƙo da abin da bakina zai iya faɗa. Na tarar da malamar idanu sun yi ja. Ashe tun da aka tashi taron kowa sai ya kira ta ya zazzage mata ƙorafi, wannan ta ce abinci bai kai gare ta ba, waccan ta ce an sa 'yarta a baya.

"Kaka, ke ma faɗa kika zo yi? Halas, shi ke nan, na bari. Baɗi wata ta yi."

"Ba ni shayi tukuna, mara kunya. A tsaye ake tarbar kaka a gidanku?"

Ta yi dariya ba ta shirya ba. Da na sha shayi na fara da abin da ta yi daidai, don ta yi da yawa. Sannan na ce a zuba gero a turmi ko da mudu ɗaya ne, yara su ji ƙamshin surfe. A sauke lasifikar nan. A ajiye butoci da labule kusa da inda tsofaffi ke zama. Tana ta gyaɗa kai. Da na zo kan ƙofar ɗaki kuwa sai ta murje ido.

"La, Kaka, wannan ba a taɓa shi. Kakata da kanta ta kwatanta mini tun kafin ta rasu. Ta ce sai an sunkuya ake shiga."

"Gaskiya ta faɗa miki. Amma tana yarinya ta baro shi. Ni na ga lokacin da bayan kakata ya ƙi lanƙwasuwa. Kawuna bai ce ai gargajiya ce ba, gatari ya ɗauko ya sassare ƙofar, ya sake yaɓe ta. Kowane gida mai tsohuwa haka za ki ga ƙofarta ta fi ta amarya faɗi."

Sai na ba ta labarin Yaya da tulin takalma. Ba ta ma san an yi ba, tana can ciki tana fama da masu abinci. Ta rufe fuska da tafin hannu, ta daɗe a haka.

"To yashin fa?" na ce. "A kwashe shi, a zuba siminti."

"Mai istiraha ba zai yarda da siminti ba. Yashin kuma yara sun so shi, ba ki ga yadda suka yi ta birgima ba?" Can ta ce, "Mijin yayata kafinta ne a wurin gini. Katakon da suka gama zuba kankare da shi jibge yake. A shimfiɗa shi ya zama hanya, a rufe da tabarma, ba mai ganewa."

Wannan dabara tata ce, ba tawa ba, a rubuta haka.

Saura Yaya. Shekarar nan ta sha jiki, har sau biyu ana kwantar da ita asibiti. Duk ranar da na shiga na ga ta ƙara ramewa sai in ce a raina, anya za ta kai? Ta kai, amma da lokacin taron ya sake zagayowa sai ta ce ba ta zuwa.

"Na riga na ga takalman mutane, sun ishe ni."

"Zauna abinki," na ce. "Dama ni ban yarda kin taɓa kwana a ɗakin ciyawa ba. A kan hanya aka haife ki, kike mana kuri."

"Ke! 'Yar da aka kawo a bayan mota kamar akuya ce za ta faɗa mini ɗaki? Miƙo mini mayafina."

Muna sauka daga bas, ga tabarmi a jere tun daga bakin ƙofa, sun ratsa yashi sun miƙe har ɗakin. Malamar ta karɓi arabiyya daga hannuna ta tura da kanta. Muka wuce turmi, wannan karon dusa na tashi, 'yan matan suna tari suna dariya. Ƙofar ta yi faɗi, har ta so ta yi yawa, sai ka ce ta garejin mota.

Yaya ta shiga. Ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallon sama. 

"Wannan ganyen dabino ne," ta ce.

"Na'am, Hajja. Ba a samun ciyawar a nan."

Ta miƙa hannu ta ƙwanƙwasa bango. "Wannan kuma katako ne aka shafa wa laka."

Malamar ta dube ni kamar za ta yi kuka. Sai Yaya ta leƙa ƙasa. Daɓen ɗakin jar ƙasa ce ta gaske, daga wani kwari suka ɗebo ta.

"'Yar nan, ɗebo ruwa ki yayyafa."

Ta kawo ruwa a ƙwarya ta yayyafa da yatsu. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi ya cika ɗakin. Yaya ta lumshe ido ta ja numfashi, ta sake ja. Ba ta buɗe idon ba ta fara nuni da hannu.

"Gadon innata a nan yake. Nan jeren ƙore. Ni da ƙanwata a bayan ƙofa muke kwana, ita ce ba ta iso Sudan ba."

Yara suka taru a bakin ƙofa, masu jin Hausa suna juya wa marasa ji. Yaya ta ce a kawo mata fura, ta shanye, ta ce gero bai ji daka ba. Aka yi la'asar tana ciki. Dab da magariba direban bas ya fara danna oda, na ce, "Yaya, za a tafi a bar mu."

"Ya jira. Ni na fi shi daɗewa ina jira." Ta kamo hannun malamar. "Baɗi ki sa randa. Ɗaki ba randa ba ɗaki ba ne."

"Ta wane gefe, Hajja?"

"Dama, in kin shigo. Ki ɗora mata faifai."