Mai Aski da Hoton Hedimasta

Shekara arba'in da biyu Baba Mai Aski ya yi a tsaye bayan kujera ɗaya, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Ya bar wa ƙanensa shagon. Ba a yi wata biyu ba matarsa ta ce in bai nemi abin yi ba ita za ta nemi wurin zuwa, don ya ishe ta da gyaran abin da bai lalace ba. Haka ya fara zuwa gidan kula da tsofaffi na wata ƙungiyar agaji duk Talata, da jakarsa mai almakashi biyu, mataji, reza da farin ƙyalle.

Cikin masu jiransa akwai wani tsohon hedimasta da ciwon mantuwa ya kama. Ko 'ya'yansa ba ya ganewa, amma da ya ji sanyin sabulu a haɓa sai ya ɗaga kai ya yi tsit. Baba ya san shi tun yana da ƙarfinsa, lokacin da in gashi ɗaya ya ɗara 'yan'uwansa tsawo sai ya dawo shago an gyara.

Ran nan 'yar Baba ta miƙo masa waya tana murna. "Baba, ka yi suna!"

Ƙungiyar ce ta sa hotonsa a shafinta na intanet. Ga shi yana murmushi, ga hedimasta a gabansa, rabin fuska kumfa, baki a sake, yawu ya jiƙa ƙyallen. Baba ya daɗe yana kallo, ya mayar mata da wayar.

Washegari ya je ofishin ƙungiyar, ya sami budurwar da ta ɗauki hoton.

"'Yata, ki taimaka ki cire wannan."

Ta ɗauko takardar izinin ɗaukar hoto cikin ladabi. "Ai kun sa hannu, Baba. Ko hoton ne bai yi muku kyau ba?"

"Ni ko da ina saurayi hoto bai taɓa yi min kyau ba," in ji shi. "Na sa hannu a kan fuskata, ban sa a kan tasa ba. Mutumin nan ya koyar da rabin unguwarmu. Ko ƙofar gida ba ya leƙowa sai ya gyara wuyan riga."

Ta sake duban hoton, sai ta rufe baki da hannu. "Wallahi ku kaɗai na gani a ciki." Nan take ta goge. Ta kuma nemi lambar matar hedimasta, ta kira ta ba ta haƙuri.

Talatar da ta biyo baya sai ga tsohuwar ta zo da riga a goge cikin leda, da tabaran mijinta.

"Ba hoton na ƙi ba," ta ce. "Ku dai bari a gama askin."

Baba ya yi aikinsa a natse, ya share kumfa, ya taje gashin baki. Matar ta ɓalla wa mijinta maɓallai har wuya. Budurwar ta durƙusa gabansa ta ce, "Malam, in ɗauka?"

Hedimasta ya dube ta sama da ƙasa. "A ɗauka," ya ce. "Amma ke wane aji kike, da kike yawo a waje?"

Ta ce aji shida. Ya ce to ta yi sauri ta koma.