Ranar da Aka Sake wa Ɗakin Daraktoci Suna

A shekarun da kuɗin mai suka yi yawa, ma'aikatarmu a Abuja ta sayi kwamfuta kamar za a daina ƙera ta. Kowane tebur aka ɗora masa guda, har teburin waɗanda ba su san inda ake kunna ta ba. Daga baya aka kawo wata manhaja da ma'aikata ke tura wa juna takardu da saƙonni a cikinta, ba sai masinja ya hau bene ba. Ni aka damƙa wa kula da ita, don ni ne ƙaramin ma'aikacin da ya karanta kwamfuta. Ni ke buɗe wa mutum shafi, ni ke rufe masa, ni ake nema idan abu ya ƙi. Na ji daɗin matsayin fiye da kima, har tafiyata sai da ta canza.

Wurare iri biyu ne a cikin manhajar. Akwai wanda take kira ɗaki, a rufe yake, sai wanda na sa sunansa ke shiga. Akwai kuma wanda take kira allo, wannan duk mai shafi a ma'aikata yana ganin abin da aka liƙa masa. Da Turanci sunayen suke, amma haka muka juya su a bakinmu. Da na gaji da amsa tambaya ɗaya sau ashirin a rana, sai na buga umarni mataki-mataki a takarda guda, aka lulluɓe ta da leda, aka manna a gefen kowane tebur. Da wannan takarda manyanmu suka riƙa aiki, ba da fahimta ba.

Wadda ta fi kowa riƙo da takardar ita ce Hajiya, sakatariyar Daraktanmu. Da tafireta ta fara aiki tun ban shiga firamare ba, kuma a lokacin saura mata wata goma sha ɗaya ta yi ritaya. Takan ɗora yatsa a kan layi, ta karanta a fili, ta danna, sannan ta gangara layi na gaba. Ba ta taɓa tsallake mataki ba. Ɗana take ce min, kuma duk Litinin sai ta zo min da lemo ko mangwaro daga Zuba, inda take zaune. Ni kuwa nakan tsokane ta cewa ko za ta sha ruwa sai ta duba takarda.

Wata rana kamfanin da ya yi manhajar ya aiko min da sanarwa. Nan da wata biyu, in ji su, ba sauran ɗaki, ba sauran allo, dukansu fili za a riƙa kiran su. Abin da zai bambanta rufaffe da buɗaɗɗe shi ne wani ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa a gefen suna, ƙarami kamar ƙwayar gero. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake. Wani ya zauna a ƙasarsu ya ga kalma ɗaya ta fi biyu kyau, bai san akwai tsohuwa a Abuja da ke bin kalmomin da yatsa ba.

Na gane haɗarin nan take. Amma a aikin gwamnati ƙaramin ma'aikaci ba ya yi wa ma'aikata duka sanarwa da sunansa, sai Darakta ya sa hannu. Sito ma ba za su ba ka takarda da leda ba sai sun ga rubutaccen izini. Saboda haka na buga sanarwar, na buɗe mata fayil, na rubuta roƙon a amince in sake takardun gefen tebur. Hajiya ta karɓi fayil ɗin, ta rubuta lambarsa da kwanan wata a littafinta na shiga da fita, ta kai ciki. Ba ta karanta ba, don karanta fayil ɗin da ba nata ba ba ɗabi'arta ba ce.

Fayil ya kwanta a teburin Darakta. Na tuna masa sau biyu ta bakin Hajiya. Ban yi na uku ba, don a wurinmu tuna wa oga abu sau uku rashin kunya ne. Zan iya bin tebur-tebur in gaya wa mutane da baki, ko da Hajiya ce kaɗai, wadda takardun sirri ke bi ta hannunta. Ban yi ba. Na ce a raina ai na rubuta, yana cikin fayil, hannuna a wanke yake.

Ranar da canjin ya zo ina cikin bas daga Masaka, cunkoso ya riƙe mu tun kafin mu shigo gari. Wayata ta yi ƙara sau biyu a aljihu. A matse muke, hannuna ɗaya yana riƙe da jaka, na ce idan na sauka na duba. Hajiya ce ke kira. Darakta ya ba ta jerin sunayen ma'aikatan da ake shirin turawa ofisoshin jihohi, jerin da ko babban sakatare bai gani ba tukuna, ya ce ta sa wa sauran daraktoci kafin taron ƙarfe goma. Ta duba takardarta, layi na uku ya ce ta shiga ɗakin daraktoci. Ta duba kwamfuta, babu ɗaki ko ɗaya. Fili biyu ta gani masu ɗauke da sunan daraktoci, ɗaya nasu na sirri, ɗaya wanda suke liƙa wa ma'aikata sanarwa. Darakta yana ciki yana danna ƙararrawa. Ta zaɓi na sama.

Tun daga bakin ƙofa na san an yi ɓarna. Mutane sun yi cirko-cirko a baranda, kowa da waya a kunne, kowa yana neman wanda ya tsaya masa a sama. Wata mata tana zaune a matakala tana share hawaye, an sa sunanta a jihar da ba ta taɓa zuwa ba. Na hau bene da gudu na cire takardar, amma an riga an buga ta, an ɗauki hotonta, ta fita daga ginin. Na koma na zauna a kujerata.

Bayan azahar Darakta ya aiko a kira ni. Bai ce in zauna ba. Ya turo min fayil ɗina a kan tebur, ya ce in buɗe. A ƙarƙashin roƙona an rubuta da jan biro cewa an amince, a aiwatar nan take. Kwanan watan da ke ƙasa na mako bakwai da suka wuce ne.

Ya ce, “Na yi approving tun tuni. Me ya hana ka yin aikinka?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, fayil ɗin bai dawo hannuna ba.”

Ya ce, “Wannan kuma za ka yi wa panel bayani. You can go.”

Shekara huɗu na yi ina yawo da takardu kafin in samu aikin nan. Ina da mata da yara biyu a ɗaki ɗaya da falo a Masaka, ga mahaifiyata a gida tana gaya wa maƙwabta ɗanta yana aikin tarayya. Na san yadda ake korar irina: takardar tuhuma, kwamiti, sannan wasiƙa mai layi uku. Kwana huɗu na yi abinci ba ya wuce min. Duk takun da na ji a baranda sai in ɗauka masinja ne da wasiƙata.

Abu ɗaya ne zai iya wanke ni, littafin Hajiya. A ciki an rubuta ranar da fayil ya shiga ofishin Darakta, kuma gurbin ranar fita babu komai. Na same ta ita kaɗai, na rage murya.

Na ce, “Hajiya, littafin nan naki, za ki kai shi gaban kwamiti?”

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, “Ɗana, idan na buɗe shi, wa ka ga za a kora? Oga? Transfer kawai za su yi masa, ya bar ka a hannun abokansa. Kai kuwa shekara talatin ke gabanka.”

Na ce, “To yaya zan yi?”

Ta ce, “Ka je ka yi sallarka.”

Na fita ina jin haushinta. Na ɗauka kanta take karewa.

Mutum uku ne a kwamitin, shugabansu wani dattijo daga sashen gudanarwa. Mu biyu suka kira tare. Fayil ɗin yana gabansa a rufe, ni kuwa na kasa ɗauke ido daga kansa. Hajiya aka fara tambaya. Ba ta zo da littafi ba.

Ta ce, “Yallaɓai, laifina ne. Yaron nan ya zo har teburina tun watan jiya ya yi min bayanin canjin, ya nuna min kwaɗon da zan duba. Ni ce na manta. Tsufa ne.”

Ban taɓa yi mata wannan bayani ba, ita ma ta sani. Kwaɗon ma sai ranar da abin ya faru ta fara jin labarinsa. Shugaban ya rubuta wani abu, ya ture fayil ɗin gefe ba tare da ya buɗe ba. Na ga alamar shi ma ya samu sauƙi. Sannan ya juyo gare ni.

Ya ce, “Malam, haka ne?”

Na san idan na ce a'a, za a buɗe fayil, a ga jan biro, a dawo kaina. Na san kuma abin da zai same ta idan na ce e. Ba zan ce ban sani ba. Tsoro ne kawai ya fi ƙarfina.

Na ce, “Haka ne, ranka ya daɗe.”

Ni gargaɗin baki aka yi min. Ita aka rage mata mataki guda, aka ce ta ajiye aiki a ƙarshen watan, kuma a kan ƙaramin matakin za ta ci fansho har ƙarshen rayuwarta. Ba a yi mata walimar ban kwana ba. Ranar da ta kwashe kayanta na ɓuya a ɗakin na'urori, ina jin muryarta a baranda tana sallama da mutane ɗaya bayan ɗaya, har ta tambayi wani ina ɗanta ya shiga.

Washegari takarda ta zo min daga ofishin Darakta, wannan karon ba ta kwana a tebur ba. An umarce ni in rufe shafin Hajiya, tunda rufe shafi aikina ne. Na buɗe jerin ma'aikata, na nemo sunanta. Na daɗe ina kallonsa har aka kira la'asar. Kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata. Na danna e.