Kurciyata a cikin tantabarun Kawu

A kakar shekarar da ake shimfiɗa layin dogo zuwa Gusau, ranar wata Juma'a da hantsi, na shigo gidanmu na Furfuri a guje, da ɗan tsuntsu ƙunshe a bakin zanena. A gindin tsamiyar gonarmu na tsince shi, inda aka ajiye ni tsaron gero. Duk ƙauyen babu mai tantabaru kamar Kawu, wanda ya jera musu tukwane a jikin katanga, kuma ɗansa Sule, taubashina, yana da biyu nasa na kansa, kullum sai ya yi mini gori da su. To, ranar ni ma na samu tawa.

Inna, kakata, ta ɗaga fiffiken ta duba, ta kwashe da dariya. "Wagga ba tantabara ba ta, kurciya ta. Randa gashi yaf fito, daji za ta." Ni kuwa da taurin kai aka haife ni. Nan take muka ƙulla da Sule: in ta girma ta kwana a gida, biyun nan nasa sun zama nawa; in ta gudu, ya yi ta yi mini waƙar zambo a dandali. Na samo fasasshiyar tukunya, na ɗaura mata jan zare a ƙafa, ina tauna gero ina ɗura mata. Tana girma gaskiyar Inna tana fitowa. Tantabaru ƙosassu, wuyansu na sheƙi, suna yawo tsakar gida da gadara. Tawa 'yar siririya, ja-ja, da doguwar wutsiya, ko tari ka yi sai ta zabura.

Ranar da na buɗe tukunyar, tare suka tashi da tantabarun Kawu. Tantabaru suka kewaya rumbuna suka dawo, tawa ta miƙe sai tsamiya. Na sha kuka, Sule har ya fara gwada waƙa. Washegari Inna tana sheƙe gero, sai ga jan zare a gindin turmi yana tsince hatsi! Na yi ta tsalle har na zubar da ƙwarya. Kawu ya yanke hukunci: "Ba ta kwana ba, amma ta zo gaisuwa. Sule, ba ta guda cikin naka." Sule ya miƙo macen yana ƙunƙuni. Ita kuwa tantabara ba ta rabuwa da mijinta, kafin la'asar namijin ya tare a tukunyata.

Yanzu a Tudun Wada nake zaune, Inna da Kawu da Sule duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma ina kewarsu. Da safe nakan watsa gero a tsakar gida, kurciyoyi su sauko. Har yau ƙafafunsu nake fara dubawa.