Tashar da Baffa Yake Kallo

Jiya a wurin mai gyaran injin ban-ruwa a Kura na ji ana cewa an sayar da tashar talabijin ta yankinmu ga wani kamfani daga kudu, har sun soke shirin manoma na Hausa. Nan take Baffa, wan mahaifina, ya faɗo mini a rai.

Shi ya fara kawo talabijin unguwarmu a Bunkure, mai hoto baƙi da fari, yana kunna ta da batirin mota. Ya san tarihin tashar nan kamar yadda ya san gonarsa: zamanin da take hannun gwamnatin jiha, da lokacin da aka haɗa ta da ta tarayya har labaran Turanci suka riƙa cinye lokacin Hausa. Duk sunan da aka sauya mata, shi da na farkon yake kiranta.

Ranar da na sa satalayit a gidana ya shigo da la'asar, ƙafafunsa da caɓon shinkafa, rigarsa tana ƙanshin ganyen tumatir. Na yi ta nuna masa tashoshin ƙwallo.

Ya ce, "To, ina tamu?"

Na ce, "Baffa, ai hotonta ba ya fita sosai."

Ya ce, "Ɗana, in ku kun daina kallonta, wa zai hana a sayar da ita?"

Dariya na yi. Ga shi har aka sayar da ita ban sake nemanta ba.

Allah Ya yafe mini, Ya jiƙan Baffa, Ya sanyaya makwancinsa.