Ranar da Gumin Maigidana Ya Ɗauke

Allah ya haɗa ni da miji mai gumi. Ko tuwo yake ci sai ka ga yana tsiyaya, rigunansa duk sun yi zanen gishiri a baya. Ni ke wanki, don haka ni ke mita. Nakan ce, "Malam, kai da randar Inna ban san wanda ya fi wani ba."

Randar surukata ce, daga kasuwar Yankara ta sayo ta, kuma ta daɗe tana ɗaure mini kai. Kullum bayanta a jiƙe, ruwanta kuwa har haƙori yake kamawa. Tsohuwar randar da ke gefenta ta daina tsattsafo, ruwanta ɗumi salam. Nakan shafa su ina tunani: me ya haɗa jiƙewar baya da sanyin ciki?

Wata bazara ana sharar gona, maƙwabcinmu ya kawo Malam a babur da rana tsaka. Na taɓa wuyansa, zafi rau, amma a bushe ƙamas. Yana kirana da sunan ƙanwarsa. Na ji tsoron zan rasa shi.

Inna ta fito da bargo. "Masassara ce, ɗiyata. Lulluɓe shi ya yi zuhwa, sai ta hita."

Haka muka gada, ni ma haka ake yi mini. Amma idona ya sauka kan randunan nan.

"Inna, ki gahwarce ni. Wanga ya zama tsohuwar randa, jiƙa shi za mu yi."

Ban taɓa musa mata ba sai ranar. Na cire masa riga, na tsoma zanena a ruwa na shimfiɗa masa. Inna ta dube ni, ta dubi ɗanta. Sai ta yar da bargon, ta ɗauki faifai ta shiga yi masa fifita.

A asibitin da muka kai shi aka warware mini tambayata. Gumi in yana bushewa a fata, da zafin jiki yake tafiya. In ya ɗauke, mutum daga ciki yake dahuwa.

Ranar da Malam ya koma gona, ya dawo da riga sharkaf. Ya miƙo mini yana jiran mita. Na daɗe riƙe da ita kafin in sa ta a ruwa.